Ƙiba a Tsakanin Ma'aikatan Lafiya: Hatsarin Aiki da Ba a Lissafa Shi

A shekarar 2015 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a wani babban asibiti da ke Legas, inda aka auna tsawo da nauyin ma'aikatan lafiya 300. Kusan kashi 45 cikin 100 nauyinsu ya haura yadda ya kamata, wasu kashi 27 kuma sun riga sun shiga sahun masu ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Ke nan a cikin kowane mutum goma, bakwai suna ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfin jikinsu. Shekara huɗu kafin nan an yi irin wannan awo a wani asibiti na Piritoriya a Afirka ta Kudu, aka samu sama da kashi 70. A Ingila ma, binciken da Richard Kyle da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna cewa ɗaya cikin kowane malaman jinya huɗu yana fama da ƙiba. Ƙasashe uku ne masu nisa da juna a arziki da abinci da al'ada, amma labarin ɗaya ne: mutanen da aka ɗora wa nauyin gargaɗin jama'a kan hawan jini da ciwon suga su ma suna kan hanyar kamuwa da su, a wasu wuraren ma sun fi jama'ar da suke yi wa gargaɗin kusa da ramin.

Ma'aunin da ake amfani da shi ba mai wahalar fahimta ba ne. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon, sai a samu lambar da ake kira BMI. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Mutumin da tsawonsa ya kai mita 1.70 yana shiga rukunin farko idan ya haura kilo 72, ya shiga na biyu a wajen kilo 87. Akwai kuma awon ƙugu, wanda ya fi nuna kitsen da ke taruwa a ciki ya kewaye hanji da hanta: santimita 94 ga namiji da 80 ga mace su ne iyakar da ake fara ɗaga gira. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 890 daga cikinsu masu ƙiba, kuma yawan masu ƙiba a cikin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

Abin da mutane ke fara cewa idan suka ga likita mai teɓa yana hana su cin kitse shi ne wanzami ba ya son jarfa. A ganinsu mutumin da ya shafe shekara shida ko fiye yana karanta jikin ɗan Adam ba shi da uzuri, domin ya san abin da suga ke yi wa jijiya da ƙoda da ido, ya kuma ga ƙafar da aka yanke da idonsa. Wannan magana tana da ƙarfi, har ma akwai tarihin da ke goyon bayanta. Lokacin da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin diddigin dubban likitocin Birtaniya a 1951, suka nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu, likitoci ne suka riga sauran jama'a watsar da taba. Ilimi ya yi aiki a can. Sai dai taba abu ce da mutum zai iya yanke hulɗa da ita baki ɗaya ya rayu. Abinci kuwa dole a ci shi kullum, kuma abin da mutum zai ci, da lokacin da zai ci, da yawan da jikinsa zai nema, duk suna rataye ne da barcinsa da gajiyarsa da abin da hannunsa zai iya kaiwa gare shi a wannan sa'ar. Waɗannan abubuwa uku kuwa jadawalin aiki ne ke tsara wa ma'aikacin asibiti su. Shi ya sa nake ganin ƙibar ma'aikatan lafiya hatsarin aiki ce, wadda ya kamata a lissafa tare da sukar allura da kamuwa da zazzaɓin Lassa, kuma nauyin magance ta yana kan masu tafiyar da asibiti kafin ya kai kan wanda ke ɗauke da ita.

A fara da aikin dare, domin nan ne hujja ta fi ƙarfi. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago, cikinsu har da Karine Spiegel da Eve Van Cauter, sun taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa huɗu na dare biyu kacal. Sinadarin leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya ragu da kashi 18, shi kuma ghrelin mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da samarin suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da masu gishiri da masu sitaci. Dare biyu ke nan. Malamar jinya da ke juya aikin safe da na rana da na dare tana yin haka ne shekara da shekaru. Babban binciken da Jami'ar Harvard ta fara a 1976 kan lafiyar malaman jinya mata na Amurka, wanda aka ƙara masa zango na biyu a 1989, ya ba da damar ganin abin da shekarun ke haifarwa. A rahoton da aka fitar a 2011 kan mata sama da 170,000, waɗanda suka yi shekara 20 ko fiye suna aikin dare na karɓa-karɓa sun fi waɗanda ba su taɓa yi ba hatsarin kamuwa da ciwon suga da kashi 58. Da aka cire tasirin nauyin jiki daga lissafin, ratar ta sauko zuwa kashi 24. Ma'anar wannan a fili take: aikin dare yana kai mutum ga ciwon suga, kuma babbar hanyar da yake bi ita ce ƙara masa nauyi. Jiki yana da agogonsa, insulin ba ya aiki da ƙarfe biyun dare kamar yadda yake yi da hantsi, don haka abincin da zai wuce lafiya da rana yakan daɗe yana yawo a jini idan an ci shi a tsakar dare. Ba banza ba cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara, a 2007, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2019.

To, me wannan ma'aikaci mai yunwar da rashin barci ya hura zai samu ya ci? Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibiti a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da ke buɗe a bakin ƙofa bayan sha ɗayan dare: mai shayi da burodinsa da madarar gwangwani da sukarin da ake zubawa da babban cokali, Indomie biyu da ƙwai uku a soye cikin mai, tsire, fanke, biskit, da firji cike da lemon kwalba da abin shan da ake cewa yana korar barci. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wanda shi ne kusan dukan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince wa babban mutum a yini guda. Wanda ya sha biyu a dare don ya iya tsayuwa a ɗakin haihuwa ya ninka ƙa'idar tun kafin gari ya waye. Da rana ma lamarin bai fi haka kyau sosai ba. Likitan da ke da layin marasa lafiya har waje ba ya tashi cin abinci a kan lokaci, yakan wuni da ruwan shayi, sannan ya koma gida bayan isha'i ya haɗa abincin rana da na dare a faranti ɗaya ya kwanta a kai. Babu darasin ajin likitanci da zai hana mutumin da ya wuni bai ci komai ba cika cikinsa da tuwo ko shinkafa idan ya samu.

Ƙarancin ma'aikata shi ne ke ninka duk wannan. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi kimanin 55,000 ne ke aiki a Najeriya, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma an rasa tsakanin 15,000 zuwa 16,000 da suka fice cikin shekara biyar. A farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ce malaman jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage ma da yawansu sun taru a Legas da Abuja, Arewa ta samu ragowa. Idan mutum uku suka tafi daga sashen da ke da mutum takwas, marasa lafiya ba sa raguwa, daren da mutum ukun za su kwana ne ake raba wa biyar ɗin da suka saura. Ga albashin da hauhawar farashi ta cinye, wanda ke tilasta wa da yawa su tashi daga asibitin gwamnati su wuce na kuɗi su ƙara wasu awoyi. A irin wannan rayuwa, shawarar a yi motsa jiki na minti 150 a mako tana zama abin da ake faɗa wa majinyaci kawai. Wasu kan ce ai malaman jinya a tsaye suke wuni, wane motsa jiki ya fi wannan? Tsayuwa da kai-komo tsakanin gadaje suna gajiyar da ƙafa da baya, amma ba sa ɗaga bugun zuciya yadda tafiya da sauri ta rabin awa ke yi, kuma gajiyar da suke bari ita ce ke hana mutum yin wani motsi idan ya tashi aiki. Likitan da ke duba marasa lafiya a ofis, da mai ba da magani, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da mai ajiye kati, su kuwa a zaune suke shafe yini. Ga kuma damuwar da ba ta yankewa, ta mutuwar majinyaci da faɗan 'yan'uwansa da rashin kayan aiki, wadda ke ɗaga sinadarin cortisol, shi kuma ya taimaka wajen tara kitse a ciki.

A kusan duk binciken da aka yi a asibitocin Afirka, mata ne suka fi yawa a cikin masu ƙibar, kuma mata su ne ƙashin bayan aikin jinya da ungozoma. A nan al'adarmu tana da nata kason laifin. Nas ɗin da ta sauka daga aikin dare ba barci take zuwa yi ba, akwai shirya yara makaranta da girki da hidimar gida. Nauyin da ta ƙara a goyon ciki da jego yakan tarar da wani cikin kafin ya sauka. Wuraren da matar aure za ta motsa jiki cikin sutura da mutunci ba su da yawa a garuruwanmu. Sannan idon jama'a yana yaba ƙiba: idan ta yi jiki a ce hutu ya karɓe ta, maigida yana kula da ita, idan ta rame a fara tambayar ko lafiya, ko akwai matsala a gidan. Namijin da ya fara ajiye tumbi bayan ya kama aiki ana ce masa ya zama babban mutum. A ƙasar da har yau ake sayar da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ga 'yan mata masu neman cika, ma'aikaciyar lafiya da ta ƙudurta rage nauyi tana yaƙi ne da jadawalin aikinta da kuma bakin dangi a lokaci guda.

Akwai mai cewa duk wannan bayani ya wuce gona da iri, ƙibar ma'aikatan lafiya ƙibar masu albashi ce kawai: duk ɗan birnin da ya samu mota da firji da kuɗin nama haka yake zama, ko a banki yake ko a sakatariya. Akwai gaskiya a ciki. Yawancin binciken da ake yi a asibitocinmu awo ne na rana ɗaya, wanda ke nuna yawan masu ƙiba ba tare da ya tabbatar da musabbabi ba, kuma shekaru da jinsi da samun kuɗi duk suna da hannu. Amma alƙaluman Ingila sun nuna wani abu da wannan bayanin ba zai iya ɗauka ba. A can, malaman jinya kashi 25 ne masu ƙiba, mataimakan jinya waɗanda suka fi kowa ƙarancin albashi kusan kashi 32, rukunin da ya haɗa da likitoci da sauran ƙwararru kuwa kashi 14. Duk a fanni ɗaya suke aiki, duk suna jin gargaɗin lafiya iri ɗaya kullum, amma ƙibar ta fi sauka a kan waɗanda ba su da iko da lokacinsu. Binciken Harvard kuma ya bi mata masu sana'a ɗaya na tsawon shekaru, babban abin da ya raba su shi ne yawan daren da suka kwana a bakin aiki. Ko da a ce albashi ne ya buɗe ƙofar, tsarin aikin ne ke tura mutum ciki.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya, musamman a Arewa. Yaya za a zauna ana maganar tumbin likita a yankin da yara ke mutuwa da tamowa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 suke a rame. Matsalolin biyu suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, kuma ɗaya ba ta soke ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tambayar wa ke jinyar yaron mai tamowa. Ungozomar da ciwon gwiwa ya zaunar tana da shekara 48, da likitan tiyatar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar a lokacin da ƙwarewarsa ta nuna, asara ce da ke faɗawa kan talaka kai tsaye, domin a ƙaramar hukumar da likita ɗaya ko biyu ke riƙe da babban asibiti babu wanda zai maye gurbin. Ana ɗaukar shekara goma sha wani abu kafin a samar da ƙwararren likita guda. Ƙasar da ke kukan waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya bai kamata ta zuba ido hawan jini da ciwon suga suna ɗauke mata waɗanda suka zauna ba.

Majinyaci ma yana biyan wani farashin ta wata hanyar. Sara Bleich da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins sun tambayi likitoci 500 a Amurka, suka wallafa a 2012 cewa kashi 30 na likitocin da nauyinsu yake daidai suna tayar da zancen rage ƙiba da majinyatansu masu ƙiba, amma a cikin likitocin da su kansu nauyinsu ya yi yawa kashi 18 ne kawai ke yi. Kunya ce ke rufe bakin, kuma kowa zai fahimci dalili. Sai dai a yi hattara da inda za a kai wannan hujja. Ƙibar likita ba ta rage masa ilimi ko iya aiki, kuma duk shugaban asibitin da zai mayar da ita abin gori a taron ma'aikata, ko sharaɗin ƙarin girma, zai ƙara ɓata lamarin ne. An sha nunawa cewa tsangwama ba ta sa mutum ya rame, tana sa shi ya guji awo ya ɓoye damuwarsa. Ma'aikatan lafiya dama sun yi suna wajen ƙin zuwa a duba su: su rubuta wa kansu magani, su auna jininsu a tsaye tsakanin majinyaci da majinyaci, su ƙi buɗe kati a asibitin da abokan aikinsu za su gani. Masu cewa BMI ba ya bambanta tsoka da kitse sun yi gaskiya, amma wannan dalili ne na a haɗa shi da awon ƙugu da na jini da na suga, kuma tef ɗin awo ba ya cin kuɗi.

An gwada gyara daga ɓangaren hukuma, kuma ya yi aiki. A 2015 Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta daina sayar da lemon da aka zuba wa sukari a asibitocinta da harabarta. Ba a hana kowa shigowa da nasa ba, sayarwa kawai aka daina. Da aka bi ma'aikata 214 masu yawan shan lemo na wata goma, shan nasu ya ragu da kusan rabi, ƙugunsu kuma ya ragu da kimanin santimita biyu. Hukumar lafiya ta Ingila ta bi irin wannan hanya, ta nemi shagunan asibitocinta su rage lemon sukari zuwa kashi 10 ko ƙasa da haka na abin shan da suke sayarwa. Kan awoyin aiki kuwa, Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, Tarayyar Turai kuma tana da dokar awa 48. Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemon sukari ta Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta sauya abin da mai aikin dare zai tarar a firjin bakin ƙofa.

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne cewa gyara jadawali yana buƙatar ƙarin ma'aikata, wanda ba ya samuwa cikin dare ɗaya. Amma akwai abubuwan da ke hannun shugaban asibiti a yau. Shi ke ba da izinin shago da ɗakin cin abinci a harabarsa, don haka zai iya sharɗanta a buɗe da dare, a kuma samu wake da alala da dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale da gyaɗa da nono marar sukari da 'ya'yan itace, duk abincinmu ne kuma ba su fi Indomie da lemo tsada ba. Zai iya sanya ruwan sha mai sanyi a kowane sashe. Zai iya hana a jera wa mutum darare masu yawa ba hutu, ya ware ɗakin da mai aikin kwana zai runtsa, ya tabbatar an ba da rabin awar cin abinci ko da layi ya kai titi. Zai iya tsara awon shekara-shekara ga kowane ma'aikaci, daga babban likita har mai shara da mai tura gado, a asirce, ba tare da sakamakon ya shiga fayil ɗin aikinsa ba.

Shekara da shekaru alawus ɗin hatsari na ma'aikatan lafiya a Najeriya yana kan naira 5,000 a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi bayan annobar korona da doguwar jayayya. A duk wannan jayayya hatsarin da ake nufi shi ne cutar da ake ɗauka daga majinyaci. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD, da ta malaman jinya da ungozoma ta NANNM, da Ƙungiyar Likitocin Najeriya, su ne ke zama da gwamnati a teburin sulhu. Idan suka koma, su sanya iyakar awoyin aiki da abincin dare da awon lafiyar ma'aikata a takardar buƙatunsu, a layi ɗaya da albashi, kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa kuma su fara da auna ma'aikatan asibitocinsu a wannan shekarar.